Yeha Da Debre Damo: Gine-ginen Dutse Da Maƙwabtanmu Na Umm Rakuba Suka Baro A Gida

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Gadarif zuwa Galabat ya san garin Doka, ya kuma san cewa daga nan ake ratsewa zuwa Umm Rakuba. Sunan wurin ma ya isa ya gaya wa mutum irin ginin da zai tarar, domin kuwa rakuba a bakin mutanen Sudan ita ce rumfar kara da ciyawa, irin wadda muke kafawa a bakin kasuwa mu fake wa rana. A nan ne aka tsugunar da 'yan Habasha lokacin yunwar 1984 da 1985, daga baya aka rufe sansanin, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamba na 2020, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray. Cikin 'yan watanni mutane fiye da 60,000 suka tsallako Sudan, akasarinsu ta Hamdayet, inda kogin Setit ya raba ƙasashen biyu.

Tun daga lokacin muke cuɗanya da su. Sun yi mana dako, sun yi yankan riɗi a gonakin Gadarif, mun sayar musu da dawa da albasa da sukari, mun kuma sha gahawarsu mai ɗaci a ƙananan kofuna. To amma abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan bayin Allah da muke gani cikin tanti da rumfa, 'ya'yan ƙasar magina dutse ne. Duk inda ɗayansu ya samu 'yan duwatsu, sai ka ga ya jera su a gindin tanti ko kewayen murhu, kowane dutse ya zauna daram a kan ɗan'uwansa ba tare da laka ba. A ƙasarsu haka ake gina gida, wanda suke kira hidmo, haka kuma ake tare ƙasar gona a jikin tsauni don kada ruwa ya kwashe ta. Wannan hannu ba jiya suka same shi ba. Akwai gini a ƙasarsu da ya doshi shekara 2,700 a tsaye, ba siminti, ba kwaɓi, kuma ya shafe ɗaruruwan shekaru yana matsayin coci. Labarinsa da na wata tsohuwar coci da ke kusa da shi muka kawo wa mai karatu a wannan mako.

Me ya kai Musulmi kallon coci?

Mun san wannan ita ce tambayar farko da wani Alhaji zai yi yana zaune a rumfarsa, kuma tambaya ce mai kyau. Amsarmu ita ce tarihin addininmu da kansa ya ratsa ta wannan ƙasa. A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), wato wajejen 615, da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmi, Habasha aka umarce su su tafi, wurin sarki Najjashi, wanda yake Kirista ne. Cikin ayarin farko akwai Sayyidina Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW). A gaban wannan sarki ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam, sarkin ya ƙi miƙa su ga 'yan aiken Makka duk da kyaututtukan da suka zo da su. Da ya rasu a shekara ta tara bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi masa sallar gawa daga Madina. Daular da wannan sarki ya mulka ita ce Aksum, kuma cibiyarta ita ce Tigray ta yau. Ke nan jikokin waɗanda suka sauke Sahabbai ne muka sauke a Umm Rakuba.

Har ila yau, ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ummu Salama da Ummu Habiba, waɗanda dukansu sun yi hijirar Habasha, sun ba Manzon Allah (SAW) labarin wata coci da suka gani a can mai zane-zane a jikinta, shi kuma ya yi gargaɗi a kan gina wurin ibada bisa kaburbura da ƙawata shi da hotuna. Mun kawo wannan ne don abu biyu. Na farko, iyayen muminai sun ga irin waɗannan gine-gine da idonsu har sun siffanta su. Na biyu, wanda ya je kallo ya san iyakarsa: ido ya je da shi, ba goshi ba. Malamai sun yi saɓani a kan shiga cikin coci mai hotuna, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya daga waje. Abin mamakin ma, kamar yadda za mu gani, daga waje yake.

Bangon da ba a sa masa kwaɓi ba

Yeha ƙauye ne a cikin wani kwari da duwatsu masu tsini suka kewaye, kimanin kilomita 50 gabas da Aksum, bayan an wuce Adwa, garin da Habashawa suka karya sojojin Italiya ranar 1 ga Maris, 1896. Daga babban titin da ya nufi Adigrat ake ratsewa arewa, tafiya kaɗan sai mutum ya hango wani dogon gini mai kusurwa huɗu a kan tudu, launinsa kamar na gasasshen burodi, ba rufi a kansa.

Tsawonsa ya kai kamar mita 18 da rabi, faɗinsa mita 15, bangonsa kuwa ya tashi sama kimanin mita 14, wato ya kai bene mai hawa huɗu. An gina shi a wajejen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sassaƙe kowane dutse ne aka daidaita fuskarsa da gefensa, wasu tsawonsu ya kai mita uku, aka ɗora su layi-layi ba tare da an sa komai a tsakani ba. Lokacin da muka je, kafin yaƙi, wani abokin tafiyarmu mai sayar da kayan gini ya zaro wuƙar aljihu ya nemi ya cusa bakinta tsakanin duwatsu biyu. Ya bi layi ɗaya, ya koma na biyu, ya haƙura. Shi da yake ta yi mana surutu tun daga Adwa, sai da ya yi kusan rabin sa'a bai ce uffan ba.

Mai karatu zai ce to me ke riƙe da shi? Nauyi ne da daidaito. Ginin da aka yi da kwaɓi, ƙarfinsa yana ga kwaɓin, ranar da ruwa ya cinye shi gini ya tafi, shi ya sa kowace shekara muke yaɓe kafin damina. Shi kuwa wannan, tunda fuskar kowane dutse ta kwanta gaba ɗaya a kan na ƙasa da shi, nauyin yana sauka daidai har zuwa tushe, tushen kuma a kan fa aka kafa shi, ba a kan baƙar laka irin tamu ta Gadarif da ke kumbura da damina ta tsage da rani ba. Sannan an saɓa gaɓoɓin, ba a bar tsaga ta hau kan tsaga ba. Bugu da ƙari bangon ninki biyu ne, na waje da na ciki, an sarƙe su da wasu duwatsu da aka gitta. Masu binciken kayan tarihi na ƙasar Jamus, waɗanda suka fara aiki a wurin a 2009, sun ce irin wannan dutse babu shi a Yeha, daga wajejen Wukro aka ɗauko shi, tafiyar kwanaki ta cikin tsaunuka, a zamanin da babu lori babu titi. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin dakon buhu ɗari daga Gadarif zuwa Galabat, sai ya zauna ya yi lissafin abin da wannan aiki ya ci. Waɗannan Jamusawa ne kuma suka sa wa bangon tokaren ƙarfe daga ciki, domin wata gobara da aka yi tun zamanin da ta raunana shi.

Mu Hausawa ba baƙin ginin dutse ba ne ɗungum. Wanda ya taɓa zuwa kufan Surame a ƙasar Sakkwato, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, ya ga ganuwar dutse da ta bambanta da ta Kano da Katsina da aka yi da ƙasa. Sai dai Surame jariri ne a gaban Yeha, tazarar da ke tsakaninsu ta haura shekara 2,000.

Ba a gina Yeha don ya zama coci ba, tunda ya girmi addinin Kirista da ƙarni bakwai. Ɗakin bauta ne na wani abin bauta da ake kira Almaƙah, wanda mutanen Saba'u na Yaman suke bauta wa, mutanen nan da aka saukar da sura guda da sunansu. Fasalin ginin ya yi kama da na Ma'arib da Sirwah a Yaman, rubutun da aka samu a duwatsun wurin ma da haruffan Saba'u aka yi shi, kuma daga irin waɗannan haruffa ne rubutun Habasha na yau ya samo asali, wanda muke gani a jikin takardar Bir. Abin da ya haɗa gaɓar tekun nan biyu ba wani abu ba ne illa fatauci: luban, hauren giwa, zinariya. Luban ɗin da har yau ake tsaga bishiyarsa a dazukan Matamma da Humera, shi ne dai ake ƙonawa a kaskon turaren Yeha.

Addinin Kirista ya shigo Aksum a ƙarni na huɗu, zamanin sarki Ezana, ta hannun wani mutumin birnin Sur na ƙasar Labanan ta yau mai suna Furumentiyus, wanda aka kama yana yaro daga wani jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya, ya girma a fada, daga baya aka naɗa shi bishop na farko a Iskandariyya. Habashawa suna kiransa Abba Salama. Shaidar wannan canji tana jikin kuɗi, domin tsabar Ezana ta farko tana ɗauke da jinjirin wata da faifai, alamar tsohon addini, ta baya kuma tana ɗauke da gicciye. Bayan haka, a ƙarshen ƙarni na biyar zuwa farkon na shida, sai wasu ruhubanawa tara suka zo daga ƙasashen Rum suka bazu cikin tsaunuka. Ɗayansu, Abba Afse, shi ake danganta wa Yeha. Maimakon su rushe tsohon ɗakin bautar, sai suka mayar da shi coci, suka haƙa kwarmin wankan baftisma mai matakala a cikinsa. A ganinmu wannan ne ya ceci ginin, domin kufan da ba mai shi, maƙwabta ne ke kwashe duwatsunsa su yi katanga. Ayarin Jamusawa na Enno Littmann da ya zo a 1906 ya tarar da 'yar coci a tsakiyar bangon. Daga baya aka gina sabuwa a gefe da sunan Abba Afse, aka liƙa a bangonta wasu tsofaffin duwatsu masu siffar kawunan bunsurun dutse, dabbar da mutanen Almaƙah ke girmamawa. Limaman wurin suna da ɗan ɗakin ajiya inda suke nuna wa baƙo duwatsu masu rubutu da littattafan fata.

Cocin da ake hawa da igiya

Idan aka koma babban titi aka ci gaba gabas, aka wuce Enticho, kafin a kai Adigrat, akwai wata ratsa kusa da Bizet da ke kai mutum gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Shi ne Debre Damo, dab da iyakar Eritiriya. Babu matakala, babu hanya. Igiyar fata ce aka saƙa aka sako daga sama, tsawon kamar mita 15. Mutum zai kama ta ya riƙa taka jikin dutsen, a ɗaura masa wata a ƙugu, wani daga sama yana ja. Yaran wurin suna hawa kamar ƙadangaru. Mu kam ba za mu ɓoye ba, da muka kai tsakiya muka waiga ƙasa, duk addu'ar da muka haddace tun makarantar allo sai da ta fito. Mata ba sa hawa, kuma ko dabbobin da ake kiwo a sama maza ne.

Mutanen wurin suna cewa Abuna Aregawi, ɗaya daga ruhubanawan nan tara, shi ya kafa zaman a ƙarni na shida, zamanin sarki Gabra Maskal, kuma wai wani ƙaton maciji ne ya sako jelarsa ya ɗauke shi zuwa sama. Wannan nasu ne. Masana gini kuwa sun kasu, wasu sun yarda cocin da ke tsaye ta kai ƙarni na shida, wasu sun ce an sake ta ƙarnuka kaɗan bayan haka, amma duka sun haɗu a kan cewa tana cikin mafi tsufan coci-cocin Habasha da har yanzu ake ibada a ciki. Ita ba a yi ta da manyan duwatsu irin na Yeha ba. Ƙananan duwatsu ne aka jera da 'yar laka, sai a shimfiɗa katako a tsawon bango, a gitta wasu gajeru da kawunansu suka leƙo waje a jere, a sake jera dutse, a sake katako, har sama. Waɗannan kawuna da suka leƙo su ake kira kawunan biri. Aikin katakon shi ne ɗaure bango, kusan yadda azara ke riƙe soro a wurinmu. A rufin zauren shiga akwai allunan katako da aka sassaƙa siffar zaki da giwa da raƙumi da wasu dabbobi. Wani magini Bature ɗan Ingila, Derek Matthews, ya gyara ta a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana gab da zubewa.

A nan ne wani abu ya ɗaure mana kai. Malam Azraƙi, marubucin tarihin Makka, ya ruwaito cewa lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba kafin aiko Manzon Allah (SAW), ginin nan da ya sasanta su a kan ɗora Hajarul Aswad, sun yi shi ne layin dutse, layin katako, har sama, da katakon wani jirgin ruwa da ya fashe a gaɓar Shu'aiba, kuma maginin baƙo ne mai suna Baƙum. A 1951 wani masanin gine-ginen Musulunci, Creswell, ya yi rubutu yana cewa wannan salo na Habasha ne, irin na Debre Damo. Ra'ayinsa ne, ba wahayi ba, kuma ginin Ka'aba na yau ba shi ne wancan ba. Amma idan ya yi daidai, to mai tsayawa gaban wannan bango yana kallon irin ginin da Manzon Allah (SAW) ya ɗauki dutse a aikinsa kafin a aiko shi.

Ga kuma abin da ya shafi fatake kai tsaye. A 1940 an tono tsabar zinariya fiye da ɗari a Debre Damo, ba na Habasha ba, na daular Kushan ne, wadda ta mulki arewacin Indiya da Pakistan da Afganistan na yau a ƙarnukan farko bayan Annabi Isa (AS). An kuma samu kuɗin Larabawa na zamanin Umayyawa da Abbasiyawa, da guntayen yadi daga Masar. Wato wannan dutse da ba a hawansa sai da igiya, kuɗin Indiya da na Bagadaza sun hau shi. Mai yiwuwa irinmu ne suka kawo su, masu bin hanya da kaya.

Saboda wuyar hawansa, sarakuna sun mayar da shi mafaka. Sarki Lebna Dengel, wanda Imam Ahmad Gurey ya kora daga gari zuwa gari, a wannan yanki ya ƙare rayuwarsa a 1540, kuma a Debre Damo aka binne shi. Ruhubanawan suna rayuwa ne da ruwan sama da suke tarawa a ramukan da aka sassaƙa cikin dutse.

Abin da yaƙi ya yi

Igiya tana hana mai takobi hawa, amma ba ta hana harsashin igwa. A farkon 2021 rahotanni suka fito cewa an yi wa Debre Damo luguden wuta, an rushe gidajen ruhubanawa, an kashe ɗaya daga cikinsu, an kuma kwashi kaya, aka ɗora laifin a kan sojojin Eritiriya. Kafin nan, a ƙarshen Nuwamba na 2020, an kashe fararen hula masu yawa a cikin garin Aksum, kamar yadda ƙungiyar Amnesty International ta tattara shaida. Kada wani ya ɗauka abin na Kirista ne kaɗai. Masallacin Najjashi da ke ƙauyen Negash kusa da Wukro, inda ake ziyartar kaburburan da ake danganta wa sarkin da wasu Sahabbai, wanda hukumar TIKA ta Turkiyya ta kammala gyarawa a 2018, shi ma an fasa masa ƙubba da hasumiya a ƙarshen 2020. Suratul Hajji, aya ta 40, ta ambaci ɗakunan ruhubanawa da coci-coci da masallatai a jere cikin abubuwan da ke rushewa idan aka bar azzalumai. A Tigray an ga hakan cikin wata biyu, a kan titi ɗaya. Bangon Yeha dai ya tsira yana tsaye, haka ma tsohuwar cocin Debre Damo.

Mu a Sudan ba sai an ba mu labari ba. Muna da namu tsofaffin biranen Kirista: Dongola ta da, wadda aka mayar da babban ginin fadarta masallaci a 1317, da Soba kusa da Khartum, babban birnin Alwa, wadda rushewarta a wajejen 1504 ta zama abin buga misali a bakin mutanen ƙasar nan. Zane-zanen cocin Faras da aka ceto daga ruwan madatsar Aswan a shekarun 1960 aka raba tsakanin Khartum da Warso, gidan tarihin da aka ajiye rabonmu a ciki an wawashe shi a yaƙin da ya fara a Afrilun 2023.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi shafar aljihunmu. Kayan da aka sata a irin waɗannan wurare ba sa tashi sama, ta kan iyaka suke bi, ta hannun 'yan kasuwa. A farkon 2022 an ga littattafan fata da wasu kayan tarihin Habasha ana tallarsu a shafin eBay da kuɗi ƙalilan, har kamfanin ya cire wasu bayan an yi ƙorafi. A Satumban 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga dillalai a duniya da kada su sayi kayan tarihin Sudan. Dokar Habasha ta 2000 da ta Sudan ta 1999 duk sun hana fitar da irin wannan kaya. Saboda haka idan wani ya jawo ka bayan rumfa a Galabat ko Matamma ya buɗe tsumma ya nuna maka littafin fata mai rubutun Habasha, ko gicciyen ƙarfe, ko tsohuwar tsaba, ko ɗan gunki, yana cewa ka ba da abin da ya sawwaƙa, ka sani araha ce mai kai mutum kurkuku, a ƙwace sauran kayanka na halal a kan hanya. Ko da ba a kama ka ba, ka sayi kayan sata, mai yiwuwa kuma an zubar da jini kafin a ɗauko shi.

Hanya, ga mai niyya

A lokacin zaman lafiya hanyar a fili take. Daga Galabat a tsallaka gada zuwa Matamma, a hau tudu zuwa Gondar, a bi ta Debark a gangara kwarin Tekeze, wanda shi ne kogin da muke kira Setit idan ya shigo Sudan, a fita Shire, sai Aksum. Ba sabuwar hanya ba ce gare mu. Galabat kanta Takari ne suka raya ta, wato mahajjatan yamma da suka yada zango suka zauna, kuma wasunsu ta cikin Habasha suke bi su faɗa Musawwa su hau jirgin ruwa zuwa Jidda.

Sai dai ba za mu ruɗi kowa ba. An sa hannu a yarjejeniyar Pretoria ranar 2 ga Nuwamba, 2022, aka tsayar da yaƙin Tigray, amma a 2023 wani rikicin ya tashi a yankin Amhara tsakanin gwamnati da mayaƙan Fano, kuma titin Matamma zuwa Gondar yana cikin inda abin ya fi shafa, da tare motoci da sace mutane don kuɗin fansa. A Satumban 2024 sai da aka rufe mashigar Galabat na wasu makonni bayan Fano sun shiga Matamma. Gajeriyar hanyar Hamdayet zuwa Humera da Shire kuwa ta ratsa yankin da Amhara da Tigray ke jayayya a kansa tun 2020, wanda rashin warware shi ne ya hana da yawa daga mutanen Umm Rakuba komawa gida. A 2025 kuma an yi ta musayar zafafan kalamai tsakanin Habasha da Eritiriya a kan mashigar teku, ga shi Debre Damo a bakin iyakarsu take. Wanda ya matsu, ya fi masa sauƙi ya bi ta Adis Ababa ya hau jirgin sama, tunda an dawo da sauka a Mekele a Disambar 2022, a Aksum kuma a 2024. Daga Mekele titi ɗaya ne zai bi da shi Wukro, Negash, Adigrat, Debre Damo, Yeha, Adwa, ya ƙare a Aksum. Kafin ya ɗaura kaya ya tambayi direbobin da suka dawo a makon, ba waɗanda suka je bara ba, ya kuma tafi da fasfo da biza, domin takardar da ake shiga kasuwar Matamma da ita ba ta wuce nan.

Wasu 'yan abubuwa da za su rage wa baƙo wahala: ana cire takalmi kafin a shiga coci, kamar masallaci. Agogonsu daga fitowar rana yake fara ƙirga, don haka idan direba ya ce ƙarfe ɗaya na safe, bakwai yake nufi. Mahautan Kirista daban, na Musulmi daban, ana gane su da alamar gicciye ko jinjirin wata a ƙofa. Inda ba a samu na Musulmi ba sai a nemi abincin azuminsu, wanda ba nama ba mai na dabba, injera ce da miyar wake da suke kira shiro, ga wanda ya saba da kisra ba zai sha wuya ba. A cikin garin Aksum kuma kada mutum ya yi ta neman hasumiya. Musulmin garin sun shafe shekaru suna neman izinin gina masallaci ana hana su, har BBC ta yi rahoto a kai a 2019, kuma wannan abu ne da ba mu ga dalilin yabonsa ba a garin da ake alfahari da Najjashi. A Negash da Wukro da Adigrat kuwa akwai masallatai.

Babban bikin Debre Damo yana faɗowa ne ranar 14 ga watansu na Tikimt, wato wajejen 24 ga Oktoba, daidai lokacin da muke tsakiyar yankan riɗi. Ranar dubban mutane ke taruwa a gindin dutsen, layin igiya ya yi tsawo, matan da ba su da ikon hawa su yi ibadarsu a ƙasa. Mai son ya ga gini a natse ya bari sai an kwashe amfanin gona, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri, domin saman dutsen ya haura mita 2,000 daga teku, kuma sanyin asubarsa ba irin na Gadarif ba ne.